Wane irin shiru ne ke cinye gona?

A farkon shekarar 1983 wani kamfanin gine-gine na Ingila mai suna Pye ya ba maƙwabtansa manoma, iyalan Graham, hayar wani fili mai faɗin kimanin hekta 25 a yankin Berkshire domin su yi kiwo. An rubuta takarda, an biya fam 2,000, aka ce wa'adi zai cika ranar 31 ga Disamba. Da ranar ta zo manoman suka nemi a sabunta, kamfanin ya ƙi, saboda yana shirin neman izinin hukuma ya gina gidaje a wurin, kuma ba ya son a tarar da filin a hannun wani. A tsakiyar 1984 ya sayar musu da ciyawar da ke tsaye a filin kan fam 1,100, suka yanke kafin ƙarshen Agusta. Daga nan kamfanin ya ja bakinsa ya yi gum. Manoman sun sake tuntuɓa ko za a ba su haya, ba wanda ya amsa musu. Su kuma ba su fita ba. Suka ci gaba da sakin shanu, suna zuba taki, suna gyaran shinge, makullin ƙofar filin na hannunsu, kamar dai yadda suke yi da sauran gonarsu.

Dokar Ingila ta 1980 ta ce mai fili yana da shekara 12 ya shigar da ƙara a kan wanda ya zauna masa a wuri ba da izini ba. In wa'adin ya wuce, haƙƙinsa ya mutu. A 1997 iyalan Graham suka sanar da ofishin rajistar filaye cewa wurin ya zama nasu. Magana ta je kotu, kuma a shekarar 2000 alƙali Neuberger ya ba su gaskiya, tare da faɗa a fili cewa hukuncin bai kwanta masa ba, bai kuma ga adalci a cikinsa ba, doka ce kawai ta ɗaure masa hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2001. A watan Yulin 2002 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli, suka dawo da shi. Kamfanin, wanda ya ce asararsa ta haura fam miliyan 10, bai samu ko sisi na diyya ba. Ya kai kukansa Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, inda a 2005 alƙalai 4 cikin 7 suka ce an zalunce shi, sannan a 2007 babban zauren kotun ya warware wannan da rinjayen 10 a kan 7. Shari'ar da ta raba kan alƙalai haka daga kotu zuwa kotu ta isa a tsaya a duba ta.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan shari'a shi ne shaidar da ta fito daga ɓangaren manoman da kansu. Ba su taɓa cewa sun zaci filin nasu ne ba. Sun san mai shi, sun san da haya suka shiga, har an tabbatar wa kotu cewa da an nemi su biya kuɗi a cikin waɗannan shekaru da sun biya. Kotun ƙoli ta ce wannan bai rage komai ba. A wurinta abu biyu ake dubawa: ko mutum ya riƙe wurin a zahiri, da ko ya yi niyyar riƙe shi don kansa. Ba a tambayar ko ya ɗauki kansa mamallaki, ba a kuma tambayar ko zuciyarsa ta san kayan wani ne.

Ba na cikin masu cewa wannan doka hauka ce. Tana da dalilai, kuma wasunsu masu ƙarfi ne. Shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓacewa, iyakoki suna gogewa. Idan aka bar ƙofa a buɗe har abada, jikan jikan wani zai iya tashi da tsakar rana ya ce unguwa guda ta kakansa ce, kuma ba mai iya ƙaryata shi ko gaskata shi. Dole wata rana a ce magana ta ƙare. Akwai kuma hujjar cewa ƙasa ba ta son zaman banza, wanda ya raya ta ya fi wanda ya yasar da ita. Wannan ta biyun ce nake kallo da shakka, domin da ita mai ƙarfi ke fakewa ya haɗiye saurar mai rauni. Ita kuwa ta farkon, a shari'ar Pye ba ta da wurin zama: sunan kamfanin na rubuce a rajistar gwamnati, ba wani kokwanto da ake son a yanke. Turawan ma sun gane haka. Dokar rajistar filaye da suka yi a 2002, wadda ta fara aiki a Oktoban 2003, ta sauya tsarin. Yanzu wanda ya shekara 10 a filin da ke da rajista sai ya rubuta ya nema, ofishin rajista ya aika wa mai filin sanarwa, kuma idan ya ce bai yarda ba, galibi maganar ta tsaya, sai a 'yan wurare ƙalilan kamar kuskuren iyaka tsakanin maƙwabta. In kuwa ya sake yin sakaci na shekara biyu bai fitar da mutumin ba, to ya rasa.

Na kawo wannan labari ne saboda mu ma muna da irin wannan hukunci, kuma ya girmi dokar Ingila ta 1980 da ƙarnuka. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a Kano ko Sakkwato ko Zariya ranar da ake shari'ar gona ya ji kalmar hauzi. Hukunci ne na mazhabar Malikiyya, yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, yana cikin Mukhtasar na Khalil, yana cikin Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu suka tashi da su. Taƙaitaccen bayaninsa: idan mutum ya riƙe gida ko gona shekara goma yana sarrafawa irin na mai abu, yana noma, yana gini, yana rushewa, yana shuka itace, mutane na kiran wurin da sunansa, alhali wanda ke da'awa yana gari, yana gani, ya san abinsa ne, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya zo daga baya ba za a saurari ƙararsa ba, ko da ya zo da shaidu. Tsakanin dangi kuwa ba a lissafa shekara goma. Sai abin ya yi tsawo ƙwarai, malamai suka ambaci fiye da shekara arba'in, domin an san ɗan'uwa yana kawar da kai ga ɗan'uwa saboda zumunci.

A ido, hauzi da dokar Turawa kamar Hassan da Husaini ne. A ciki kuwa sun yi hannun riga. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa daɗewa ita kaɗai ba ta mayar da kayan wani naka. Hauzi alama ce da ke nuna cewa wataƙila mallaka ta riga ta koma hannun mai riƙo ta wata halastacciyar hanya, saye ko kyauta ko gado, wadda shaidunta suka shuɗe. Tunanin shi ne, a al'adar mutane, ba wanda zai ga ana sare masa ɗorawa ana kafa ɗaki a gonarsa shekara goma ya kasa cewa uffan, sai in ya san ya riga ya rabu da ita. Shi ya sa dole mai riƙo ya yi da'awar cewa abin nasa ne, kuma a rantsar da shi. Shi ya sa kuma idan aka tabbatar cewa da aro ya shiga, ko haya, ko jingina, ko amana, hauzi ba ya amfanarsa komai yawan shekaru. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan fiƙihu da karin magana bakinsu ɗaya.

A ɗauko shari'ar Pye a ajiye gaban alƙalin da ke hukunci da Tuhfa. Tambayarsa ta farko ga manoman ita ce, ta yaya kuka shiga? Za su ce da haya, ga ma takarda. Ta biyu, kuna cewa kun saya ne ko an ba ku? Za su ce a'a. Shari'a ta ƙare kafin azahar. Wannan bambanci ne nake so masu shari'armu da lauyoyinmu su riƙe da kyau, domin ina jin tsoron yadda ake fassara hauzi a bakin mutane kamar agogo ne kawai: ka kai shekara goma, ka ci. Na sha jin ana ba mutum shawara ya daure ya cika goma. Wanda ya ba da irin wannan shawara ya ɗauki ƙashin hukuncin ya bar ransa. An ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, an kuma ruwaito cewa hukuncin alƙali ba ya halasta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne, ko da ya fi abokin shari'arsa iya baki.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Ƙarfin hauzi yana kan sanin yadda aka shiga, kuma a nan ne rauninmu yake, domin mu mutane ne masu ba da aron gona da fatar baki. Dattijo zai ce wa baƙon da ya sauka a garin, ga wancan gefen, je ka noma ka ci da iyalinka. Shaidu biyu ne ko uku, a gindin bishiya. A da akwai abin da ke tsare wannan alkawari: duk kaka mai aro zai kai wa mai gona dami ɗaya ko 'yan kwanuka, abin da a wasu wurare ake kira galla. Ba don yawansa ake karɓa ba. Shaida ce da ake sabuntawa kowace shekara a idon jama'a. Sannu a hankali mai gona ya fara jin kunyar karɓa, ko mai aro ya fara mantawa. Dattijo ya rasu, shaidu suka bi shi. 'Ya'yan mai aro sun buɗi ido sun ga ubansu na huɗa a wurin, har ga Allah sun ɗauka gado ne. 'Ya'yan mai gona kuma sun ji daga bakin uwarsu cewa aro ne. Ranar da titi ya ratsa ta wurin, ko gari ya matso aka fara yanka fuloti, sai kowa ya tuna. A irin wannan shari'a sau da yawa babu maƙaryaci a ɓangarorin biyu, kuma alƙali ba shi da abin kamawa sai shekarun da aka yi.

Wanda ya fi cutuwa a nan mace ce. Uba ya rasu, an bar gandu ba a raba ba, yayyenta maza suna nomawa, ita tana gidan miji a wani gari. Ta san tana da rabo. Amma wace ƙanwa ce za ta kai yayanta ƙara uwarsu na raye? In ta buɗe baki a ce ta ɓata zumunci, in ta yi shiru a ce ta yafe. Shirunta kunya ce da kara, kuma malaman da suka tsawaita wa'adi tsakanin dangi sun san da wannan. Amma ko shekara arba'in ɗin ba wuya ta cika a rayuwar macen da aka yi wa aure tana ƙarama, ta rasa uba da wuri. Ra'ayina shi ne gadon da aka tabbatar ba a taɓa raba shi ba, asalin shigarsa sananne ne, kamar na aro: wanda ke ciki ya shiga ne a matsayin ɗaya daga cikin magada. Nauyi na kansa ya nuna ranar da rabon 'yar'uwarsa ya koma nasa, da kuma ta wace hanya. Haka maraya. Ba a fara ƙirga masa shekaru sai ya balaga ya yi hankali, ya kuma san cewa yana da abu a wurin, domin wanda aka ɓoye wa haƙƙinsa ba a ce ya yi shiru a kansa ba.

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne gudun hijira. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a Agustan 2014, Bama a Satumba, Baga a Janairun 2015. Mutane sun watse zuwa Maiduguri da Yola, zuwa Diffa a Nijar, zuwa sansanin Minawao a Kamaru, zuwa gaɓar tafki a Chadi. A arewa maso yamma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wasu mutanen suka tsallaka jihar Maradi tun 2019. Duk mai lissafi ya san shekara goma ta riga ta cika ga na farkon. A wuraren da ƙura ta ɗan lafa, wasu sun riga wasu komawa. Wanda ya fara dawowa ya tarar da gonar maƙwabci ta zama daji, ya share, ya shuka. Gambar da aka dasa a iyaka wuta ta cinye, aduwar da kowa ke kwatance da ita an sare an yi gawayi, dagacin da ya san gonar kowa ya rasu ko an kashe shi. Nan da 'yan shekaru waɗannan shari'u za su cika kotuna.

A ƙa'ida amsar a bayyane take. Sharaɗin hauzi shi ne mai abu ya kasance yana nan, yana gani, ba mai hana shi. Wanda ya gudu da ransa ba ya nan. Wanda ke nan amma ya san in ya yi magana za a zo masa da dare, tsoro ya hana shi, kuma malamai sun lissafa tsoron azzalumi mai ƙarfi cikin uzurin da ke tsayar da hauzi. Damuwata ita ce yadda za a aiwatar. Wa zai tabbatar da shekarar da mutum ya bar gari? Idan ya leƙo sau ɗaya a 2018 ya ga ana noma gonarsa ya koma sansani, za a ce tun ranar ya halarta ya yi shiru? Idan uban ya mutu a gudun hijira, ɗansa da aka goya aka fita da shi, wanda bai taɓa taka gonar ba, da me zai nuna iyakarta? Alƙalin da ya tsaya a ƙirga damina kawai zai iya kammala wa 'yan ta'adda aikin da suka fara, ba tare da ya nufa ba.

Duk da haka ba zan ce a jefar da hauzi ba, domin akwai mutumin da saboda shi aka yi shi, kuma shi ma mai rauni ne. Ku dubi unguwannin awon igiya da ke kewaye da Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa. Lebura ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sayi fegi a gaban mai unguwa, aka ba shi takarda da sa hannun shaidu. Ya yi gini ɗaki bayan ɗaki, ya haifi 'ya'ya ya aurar a gidan. Bayan shekara ashirin wani ya zo da mota da takardar mallaka ta gwamnati ya ce filinsa ne, alhali kullum ta gaban gidan yake wucewa, ya ga an haƙa harsashi, ya ga an ɗora kwano, ya bari sai da wurin ya yi daraja. Irin wannan shirun dabara ce, kuma shari'a ta yi daidai da ta rufe masa ƙofa. Kotunan boko na Najeriya ma sun daɗe a kan wannan. Ko da yake an yarda cewa dokar gargajiya ba ta san mallaka ta hanyar daɗewa ba, tun 1913, a shari'ar Akpan Awo da Cookey Gam, kotu ta ƙi barin a yi amfani da wannan ƙa'ida a tumɓuke wanda aka zura wa ido ya daɗe a wuri. A 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa daɗewar riƙo cikin hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa. Bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kotun ta sake bayyanawa a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 cewa takardar gwamna ba ta shafe haƙƙin wanda ya riga ya mallaka da gaskiya. Takarda hujja ce babba, amma ana iya tambayar ta inda ta fito.

Saboda haka abin da nake nema a wurin alƙalai shi ne su binciki shirun kafin su ƙirga shekarunsa. Shirun wanda ya sayar ya manta daban, na mai jiran wuri ya yi tsada daban, na ƙanwa gaban yayanta daban, na wanda ke kwance a tanti a Minawao daban. Kamfanin Pye yana da lauyoyi da ma'aikata, wasiƙa ɗaya ta sabunta izini da ta tsare masa filinsa, amma duk da haka alƙalin da ya fara yanke hukunci ya ji nauyin abin da ya yi. Mutanen da nake magana a kansu ba su da lauya, da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai wani wa'adi da ke gudu a kansu ba.

Akwai aikin da ba sai an jira kotu ba. Nijar, a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, ta kafa kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, waɗanda ke rubuta takardar saye da ta kyauta da ta aro da ta jingina, mai gari na sa hannu. Tsarin bai kai ko'ina ba, kuma bai kashe rigima ba, amma ya kama bakin zaren: ya rubuta yadda aka shiga, wanda shi ne abin da hauzi ke tambaya. A wajenmu hukumomin filaye na zamani sun fi mayar da hankali kan fulotan birni masu kawo kuɗin shiga, gonar ƙauye kuwa tana nan a ƙwaƙwalwar tsofaffi. Littafi ɗaya a hannun kowane dagaci, da kwafi a wurin hakimi da ƙaramar hukuma, zai iya ɗaukar kowane aro da kowace jingina, da sunan shaidu da shekara. A garuruwan da aka tasa kuwa, ya kamata jihohi su rubuta ranar da kowane gari ya watse da ranar da aka amince a koma, su sanar da kotuna cewa shekarun da ke tsakani ba sa shiga lissafi. Sannan a tara dattawan kowane ƙauye da suka rage, a sansani suke ko a gida, maza da mata, a zauna da su gona bayan gona, su faɗi ta wane ce, wa ke gabas da ita, wa ke yamma, a rubuta tun suna da rai.